Ranar da Na Ɗaga Adda

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya jikin Mama, ya yara da mutanen Kafanchan?

Tun da soja suka sauka daga mulki, 'yan bangar siyasa sun cika Katsina. Wani ya fasa wa matata Saratu kai da gora a Ƙofar 'Yandaka. Na bi shi da adda, na kayar da shi, na take masa wuya. Bakinsa na zubar da jini ya ce, "Ka yi wa Allah!" Na ɗaga addar, sai na ce, "Yesu, riƙe hannuna." Addar ta faɗi, na fashe da kuka, zuciyata ta sanyaya.

Asibitin da Saratu ke kwance na kai shi. Ta ce gara haka da ta zama matar mai kisa.

Ku sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanenki,
Bulus