Kawu, an sake buga faifanku

Kawu Ɗanjuma,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙarfin jiki, ya gwiwar? Ya Inna Laraba da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Woolwich, a Ingila, lafiya lau.

Kawu, zauna tukuna! Ran Asabar na shiga wani shagon faya-fayai, sai na ji jita tana kuka tana juya min kai kamar mafarki. Na ce wannan hannun na san shi. Ashe faifan kiɗan rock ɗin da kuka yi da samartaka ne, wanda rana ta lanƙwasa naka. Wani kamfani ya sake buga shi, sabo fil, ga hotonka da gashi buzu-buzu! Turawa har layi suke yi.

Sai dai a bayan kwalin sun rubuta wai mai jitar ya rasu. Na ce wa mai shagon, "Ko jiya ya yi min faɗa a waya!" Ya saki baki. Yanzu kamfanin na roƙon jin muryarka, don Allah kar ka ƙi.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa. Kuma ka zaro jitar nan daga ƙarƙashin gado, su ji yadda mamaci ke kiɗa.

'Yarka,
Rifkatu