A Maido Mini da Makullin Tarakta

Zuwa ga Alhaji Shugaban Ƙungiyar Manoman Gindin Dutse, Kwatarkwashi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da tambayar iyali da ruwa, ni ne Lawali, direban taraktar ƙungiya, ko in ce wanda yake direbanta har zuwa Juma'ar da ta wuce. Allo na yi, ban yi boko ba. Da ajami na rubuta wannan, ƙanwata ta juya ta zuwa boko. Na sa a manna ta a ƙofar sito, don a bainar jama'a aka ɓata ni, a nan kuma zan amsa.

1. Ban musa ba, ni mai tsokana ne. Ni na sa kwaɗo a takalmin Sakatare. Ni na ɗaure wa dattawa biyu bakin riguna suna gyangyaɗi a gindin ɗorawa. Na ci dariyata, na sha faɗana. Amma damina uku ke nan ina jan taraktar nan, tun kafin a ba mu jiha, ban taɓa wasa da ita ba. Tuwon gidaje ne a kanta, har da na tsohuwata.

2. Ranar Alhamis, bayan ruwan shuka, na tayar da ita karo na farko tun kaka. Ta kama da ƙyar, tana karkarwa kamar mai masassara, baƙin hayaƙi na tuƙewa daga salansa. Kafin in ɗauko sifana ka karɓe makulli. Washegari bayan an sallame Juma'a ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce Lawali ya zuba yashi a tanki don ya yi wa manoma dariya. Ba wanda ya tambaye ni. Tsohuwata kwana uku ba ta leƙa rijiya ba saboda kunya.

3. Ka ɗauko makanike daga Gusau. Ya zo da farar riga ya koma da ita fara tas. Ya zaga ta sau biyu, ya ce sai an sauke inji an kai birni, aikin wata guda. Alhaji, wata guda a farkon damina? Sai dai mu yi huɗa ranar da mutanen Rawayya ke maimai.

4. Ranar Talata kana Tsafe wajen ta'aziyya, Malam Liman ya roƙar mini Sakatare ya ba ni makulli in duba ta na awa ɗaya. Da hantsi aka yi, a gaban mutanen da suka fi sahu guda. Ga abin da na yi, ko wani zai ƙaru.

Hayaƙi magana ce injin yake yi. Fari, ruwa ya shiga gas ko gas ɗin bai ƙone ba. Shuɗi, baƙin mai yake ci, injin ya gaji. Baƙi, ko gas ya yi masa yawa ko iska ta yi masa kaɗan. Namu baƙi ne wuluk, don haka tun a nan na san ba na saukewa ba ne.

Duk da haka na fara da inda aka zarge ni. Na tsiyayi gas daga ƙasan tanki da ƙasan filta a farar kwalba, na ajiye ta a inuwa ta kwanta. Na miƙa wa Malam Liman, ya ɗaga ta a rana. Ba yashi, ba ruwa, ko ƙwayar gero ɗaya. Sai na tayar da ita, na riƙa sassauta bututun nozul, masu fesa wa inji gas, ɗaya bayan ɗaya ina saurare. Wanda ka sassauta murya ba ta sauya ba, shi ne matacce. Duk huɗun sun amsa. Saura iska. Na kwance murfin filtar iska na ɗora tafin hannuna a bakin bututu. Inji mai lafiya fizgar tafi yake yi. Wannan ko jariri ya fi shi zuƙa. Na kwance bututun, na zura waya cikin lanƙwasa, na jawo.

5. Tsumma ne, Alhaji. Shuɗiyar shadda, hannun babbar riga, da sauran aikin zare a jiki. Kowa ya san rigar da aka yi shekaru ana zuwa Idi da ita. Baba Maigadi ya faɗi gaskiya: da aka gama aikin kaka, ni ina cirani a wani gareji a Tudun Wada, kai ka yago hannun rigar ka ce a toshe bututun kada zanzaro ya yi ɗaki a ciki. Dabara ce mai kyau, wallahi. Mantuwar ce ba kyau. Ina tayarwa injin ya haɗiye shi.

Na ɗaure komai na murza makulli. Ta ɗauka lafiya lau, hayaƙi ya washe. Gona biyu na yi wa haro kafin azahar. Sai Sakatare ya sake karɓe makullin, wai sai ka dawo. Ka dawo tun Laraba. Tarakta na tsaye, ƙasa na bushewa, ni kuma har yau yara na ce mini Mai Yashi. Laifi tudu ne, an ce.

Roƙona uku ne. Na farko, kada a juya abin nan kan Baba Maigadi, umarni ya bi. Na biyu, duk wanda zai toshe bututu a kaka ya ɗaura jan ƙyalle a sitiyari don a tuna. Na uku shi ne babba: inda ka tsaya ka ce na zuba yashi, nan nake so ka tsaya Juma'ar nan ka ce ban zuba ba, ka miƙo mini makulli.

Tsumman yana wurina. Na wanke shi da sabulu, an buge shi a wurin mai bugu, ya yi sheƙi kamar na Sallah. Da na so tsokana, da tuni yana kaɗawa a kan salansa kamar tuta. Ban yi ba, don kai sa'an ubana ne. Zan zo da shi a ninke cikin aljihu. Ka ba ni nawa, in ba ka naka, ba wanda zai ga hannuna.

Allah Ya ƙara maka girma da lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da mantuwa, manya da yara.

Wassalam.

Naka mai biyayya in an bi da shi,
Lawali Direba, Kwatarkwashi.