Ƙwayar Masara Uku ta Inna

Gummi,
20 ga Oktoba, 2016.

Zuwa ga Yaya Sufyanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Zulai da yara. Allah ya tsare ku a can Fatakwal, ya sa albarka a nema. Mu nan mun gode Allah. Ruwan gulbi ya ja baya, shinkafar fadama ta fara nuna, maigidana kullum yana can yana fama da tsuntsaye. Ƙanwarmu Lubabatu ta sauka a Bukkuyum makon jiya, an samu namiji, an sa masa Lirwanu. Na zaɓi takarda ne a kan waya, domin a waya kai ke magana, ni kuwa ba na wuce "to, Yaya".

Maganar Inna ce. Shekara biyu ke nan da aka ce tana da hawan jini, kuma ka san yadda muka yi ta yi da ita. Ni in yi magiya, kai ka bugo ka yi faɗa, ita ta ce to, sannan ta tura maganin ƙarƙashin katifa. Na'urar awo da ka aiko har yau tana cikin kwalinta, kwanon goro ta ɗora a kai. Cewa take ciwon da bai kwantar da mutum ba ba ciwo ba ne.

A watan Fabrairu jiri ya kayar da ita a madafa, na kai ta asibitin unguwarmu. Muka tarar da sabuwar ma'aikaciya, Malama Safiya, mutuniyar Anka. Na zauna ina jiran ta rufe Inna da faɗa, har ina jin daɗi a raina. Ba ta yi ba. Tambayarta ta yi, me ya fi damunta da maganin. Sai ga Inna tana zuba, wai yana sa ta yawan fitsari, alwalarta ba ta kaiwa daga Magariba zuwa Lisha. Duk tsawon lokacin nan ina gida ɗaya da ita ban san wannan ba, don ban taɓa tambaya ba. Daga nan Malama ta jera ƙwayar masara goma a kan tebur, ta ce Inna ta ware adadin da ya yi daidai da yadda ta damu jinin nan ya sauka. Inna ta ture uku. Kunya ta kama ni, na buɗe baki zan ce uku kacal, Malama ta tsayar da ni da ido. Ta tambayi Inna me ya sa uku, ba ɗaya ba. Inna ta ce akwai takwararta a Kurmi da ba ta taɓa goyawa ba.

Yaya, ka san Inna da kunyar ɗan fari. Tun da ta haife ka sunanka bai taɓa fita daga bakinta ba, balle ta ce ka zo. Amma ga shi ta faɗa wa baƙuwa cewa Uwani, 'yarka mai sunanta, shekara huɗu a duniya, ita ce abin da take son ta rayu ta gani. Daga ranar ba wanda ya ƙara ba ta umarni. Ita da kanta ta ce a duba mata lokacin shan maganin, aka mayar da shi bayan Asuba. Ita ta ce a bar dunƙule a koma daddawa, a rage gishirin miya. Da yamma takan taka har bakin fadama ta dawo. Awon da yake ɗari da casa'in ya sauko ɗari da arba'in. Na faɗa maka duk wannan, kai kuma da bakinka ka ce Babbar Sallah a Gummi za ku yi ta, kai da iyali. Na kai mata albishir. Washegari ta sa aka yi wa ɗakinka sabon yaɓe.

Saura kwana biyu Sallah ka turo saƙo, wai aiki ya riƙe ka, kuma hanya ba lafiya. Hanyarmu ba lafiya kam, mu da muke kanta mun fi kowa sani. Sai dai ranan nan na ga hotonku a waya, a Kano, gidan su Zulai, kun sha kwalliyar Sallah har da Uwani da lallenta. Daga Fatakwal ka iya kaiwa Kano, ragowar ce ta gagara. Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba. Ban nuna wa Inna ba, amma uwa ba sai an nuna mata ba.

Tun daga Sallah ba ta ƙara shan magani ba. Ranar Litinin awo ya kai ɗari biyu. Malama ta sake jera masara, Inna ta tattara duka goman ta ƙulle a bakin mayafi, ta ce kajinta sun fi buƙata. Da muka fito Malama ta ce da ni ita ba ta iya tilasta wa kowa, guga ba ya fito da ruwan da babu a rijiya, kuma a wannan awo shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama. Jiya ludayi ya suɓuce daga hannun Inna na hagu har sau biyu, ta ce santsi ne.

Don Allah kada ka bugo ka yi mata faɗa, kada kuma ka aiko da wani kwali. Ba kuma zan sake kai mata alkawarinka ba, sai na ga ƙafarka a zaure. In aikin ne da gaske, ka turo Zulai da yarinyar. Zuwa dai za ka zo Gummi, Yaya, wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne, gaisuwa za ka zo yi ko karɓar gaisuwa.

Ka yafe mini in na yi tsauri, kai babba ne. Ka gaida Zulai da ɗanka Nazifi. Kawu Makau da maigidana suna gaishe ka. Uwani kuwa ka faɗa mata tana da kaka a Gummi. Inna ba ta san na rubuto ba.

Ƙanwarka,
Karima.