Na sallami mai koya wa Inna tafiya

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Abu uku nake gab da rasawa: ƙafafun mahaifiyata, Hajjinta na bana, da yardar da ta yi da ni.

Ni ɗan gwanjo ne a kasuwar Dembe, da gumina na kafa shagona. Bara Inna ta zame a banɗaki. Ba ta karye ba, amma tsoro ya shige ta, ba ta taka ƙasa sai an riƙe ta. Likita ya haɗa mu da wata kine, mai koya wa tsofaffi motsa jiki, tana zuwa gidanmu a unguwar Butalbagar da safe. Takan sa Inna ta tashi daga kujera ba dafa komai, ta bi layin da aka ja a tsakar gida, ta ɗaga ƙafa ɗaya tana dafe da bango. Abin yana aiki, da idona na gani. Sai dai Inna ba ta yarda kowa ya tsaya gefenta sai ni. "Matarka ta ga ina tangaɗi kamar mai tatata? Kai na haifa, kai za ka gani." Safiya kuwa ita ce kasuwa, lokacin ake kwance dila, wanda ya makara sai tarkace.

Ana haka wani keken guragu mai kyau ya faɗo cikin kayana. Na kai gida. Na ce wa kine Inna ta tafi ƙauye, na ce wa Inna kine ta ce kalas, wato an gama, hutu ya rage mata. Maƙwabta suna ta sa mini albarka, wai ɗan kirki ba ya barin uwa ta wahala. Ni kuma ina amsa amin. Wane irin mutum ne wannan?

Yanzu a zaune take sallah. Kakanta da ƙafa ya taso daga Kano zai je Makka, a nan garin ƙarfinsa ya ƙare, shi ya sa ta ɗauki alwashin ɗawafi da ƙafarta. Shekaranjiya ta ce, "Ɗan nan, na gwada miƙewa gwiwa ta ƙi. Ko yarinyar nan ta hango wani abu ne kuke ɓoye mini?" Na kasa kallonta.

Na nemi kine na faɗa mata komai. Ta ce, "Alhaji, da sauran dama, amma kullum raguwa take. Kuma tsohuwar da aka ce wa ni na ce ta huta ba za ta tashi ba, sai ka janye maganarka da bakinka."

Ribata dai safiyar kasuwa da yabon da ban cancanta ba. Asarar kuwa a jikin Inna take. In na faɗa, ba za ta ƙara miƙo mini hannu ba, kuma ba ta miƙa wa kowa. In na yi shiru, a keke za a zagaya da ita Ka'aba.

Jama'a, me zan yi?