Baƙon Brazil da Ƙuri'ar Kaka

Uwargida Irmtraud, ki taimake ni, amma fara cinko wannan: wace ce siririya mai gashi a ƙafa, ta shekara ashirin a bayan ƙofata ba ta taɓa gulmata ba, sai ranar Lahadi ɗaya ta tona mini asiri a gaban unguwa?

Shekarata saba'in da huɗu, jikoki biyar. Marigayi mijina Ottmar ya bar mana 'yar masana'anta kusa da Reutlingen, muna ƙera ƙusoshi da notin injin mota, ma'aikata talatin da takwas. Kin san halin da ake ciki. Masu ƙera motoci sun rage saye, wuta ta yi tsada, 'yan siyasar Berlin kuma yau su haɗa kai gobe su watse. Ɗana Gernot, wanda tunani ya cinye wa gashi tun yana talatin, ya ce mu kai rabin injinanmu Brazil, inda masu ƙera tarakta ke neman kayanmu. Ƙanwarsa Silke ta ce a'a. Ƙuri'ata ce za ta raba gardama ranar Juma'a, kuma na riga na cika baki gaban mawaƙan cocinmu cewa ina raye ko ƙusa ɗaya ba za ta tsallaka teku ba.

Sai ga wanda zai zama abokin cinikinmu a Brazil, Valdomiro, tsoho mai farin gashin baki, matarsa ta rasu. Na gayyace shi kofi da kek ranar Lahadi ƙarfe uku, don in sallame shi cikin ladabi. Huɗu saura kwata ya iso! Na miƙa hannu, ya rungume ni. Ya ci yanka uku. Da zai fita ya ga allon makon shara rataye a ƙofata, Gernot ya bayyana masa cewa wannan makon ni ce da sharar matakala da bakin titi. Mutumin nan ya tuɓe kwat, ya hau aiki yana waƙa. Ranar Lahadi, Irmtraud, ranar da shara abin kunya ce a unguwarmu! Kowace taga labule ya motsa. Kuma bai iya ba, duk ganyen da suka zubo ya tura su ƙofar maƙwabciyata Häberle, wadda ko tari ka yi ranar hutu sai ta kai ƙara. Ni da ya kamata kunya ta kashe ni, sai na ji ina ƙyalƙyala dariya, har ina nuna masa inda ya tsallake.

Na sayi jan baki, karon farko tun bikin Silke. Yanzu so nake in amince da shawarar Gernot. To wa ke amincewar, hankalina ko gashin bakin nan? Ma'aikatanmu fa har sunayen 'ya'yansu na sani.

Kaka Mai Rawar Kai

Kaka, na yi dariya, kuma jan bakin nan kada ki goge shi. Amma abu biyu kika haɗa a tukunya ɗaya, sai a raba su.

Gernot bai yi ƙarya ba. Masana'antar da ta zauna jiran Berlin ta daidaita tana iya rufewa tana jira. Silke ma tana da gaskiya, injin da ya hau jirgin ruwa ba kasafai yake dawowa ba. Saboda haka ki nemi a ɗage ƙuri'ar wata guda. Ki sa Gernot ya rubuta miki wane aiki zai tsaya a gida da mutum nawa zai riƙe, ki zauna da wakilan ma'aikata ku karanta tare. Sannan ki tambayi kanki: da baƙon nan ɗan saurayi ne mai ɗaure fuska wanda ya iso ƙarfe uku daidai, za ki sa hannu? Amsar nan ita ce ƙuri'arki.

Ki faɗa wa 'ya'yanki maganar Valdomiro da bakinki kafin Häberle ta riga ki. In yana sonki, zai so ki ko ba ƙusa ɗaya. Tikitin jirgi kuma ba ya buƙatar ƙuri'ar kowa, ki je ki ga ƙasar tasa da idonki. Mawaƙan coci za su yi magana mako biyu su gaji.

Allah ya bar ki da wannan dariyar. Mai tona asirin nan kuwa, in Valdomiro ya dawo ki miƙa masa ita ranar Asabar. Tsintsiya ce.

Irmtraud