Tokar Ƙayar Kifi

Zuwa ga Peilan, sanyin idona da ya koma barkono, marmaron da na sha na ƙara ƙishirwa, farin zalɓen da ya sauka a Tafkin Gora ya ci ya ƙoshi ya tashi bai waiwayo ba.

Takardarki ta iso shekaranjiya, bayan wata goma sha ɗaya ban ga ko ɗigon tawadarki ba. Sai da na wanke hannu kafin na buɗe ta, kin ji wauta. Na nemi sunana, na same shi sau ɗaya a sama. Na nemi inda kika ce kina kewata, har bayan takardar na juya. Layi bakwai ne, kuma duk tambaya ɗaya suke yi: me ya rage ban gaya miki ba game da kainuwar shinkafa, ɗan ganyen nan mai shawagi a ruwan fadama? Ashe haka ake tunawa da mutum, abar ƙaunata? Sai ganye ya fara mutuwa?

Ni kam ban manta komai ba, abin da ke cina ke nan. Ina ganin ki ranar da kika sauko daga kwalekwale, ofishin gona ya turo ki, kin rungume akwatin madubinki na ƙara girman abu kamar jariri. Kika tsinci ganye ɗaya a bakin ruwa, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, kika tsaga shi kika ce in leƙa. "Ido ɗaya ake rufewa, malam manomi, ba duka biyun ba." Da na leƙa sai ga waɗansu 'yan halittu koraye a jere, kamar duwatsun wuya a zare. Kika ce ɗaki gare su a cikin ganyen, su ke kamo taki daga iska su ba shi, shi kuma in ya ruɓe a fadama ya ciyar da shinkafa. Kika ce ba sa roƙon kowa komai, iska kawai suke ci. Tun kakan kakana muke rainon ganyen nan ba mu san yana da 'yan haya ba! Amma gaskiya ban daɗe ina kallon su ba. Gashin da ya zame miki a bayan kunne nake kallo.

Kin san dokar gidanmu, kada ki ce ba ki sani ba. Kowa na iya yaɗa kainuwa in gari ya yi sanyi, zafi ne ke ƙone ta ƙurmus. Gidanmu, gidan Dai, shi kaɗai ya iya tsallakar da irinta zuwa kaka, shi ya sa in kaka ta yi mutanen ƙauyuka suke zuwa da kwanduna a kafaɗa, su kawo shinkafa da gishiri da yadi, su koma da iri. Da shi muke ci. Ɗa ake koya wa, da matar ɗa bayan ta shigo gida. 'Ya mace ba a koya mata, domin wani gari za ta. Yayata Ajiao a ɗakin nan aka haife ta, ta girma ta yi aure ba ta taɓa taka lungun da muke ɓoye irin ba.

Ke kuwa na kai ki. Da hannuna na tuƙa ki cikin gora har inda ruwan sanyi ke ɓulɓulowa daga gindin dutse. Na ce wa raina ai amarya ce, rana kawai ba a sa ba. Na nuna miki yadda ake yi wa iri rumfa, da yadda ake ƙara masa ruwa in rana ta take, da yadda ake bugun shi da tsintsiya a hankali don ya rarrabu, da yadda ake tsince masa tsutsa da dodon koɗi. Kina ta rubutawa. Da na tambaya, kika yi murmushin nan naki kika ce, "Don kada in manta in ba Inna kunya." Wayyo, Peilan! Kin san daɗin da maganar nan ta yi mini? Kwana uku ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Kika koma birni da kaka, kika ce wata biyu. A madadinki sai ɗan littafi ya zo, da sunanki a bango, da zanen lungunmu a ciki har da dutsen. A lasifikar dandali aka karanta shi, kowa na ji. Baba bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Kwanon shinkafarsa ya ɗauka ya juya ya fuskanci bango, kuma tun ranar haka yake cin abinci. In na sauka mashayar tafki inda kwalekwale ke tsayawa, masu kamun kifi su ce, "A ba shi hanya, ga angon littafi." Ƙauyuka suka aiko cewa bana kada mu jira su, kowa zai yi rainon irinsa. Na so in tsane ki, na rantse da kabarin kakana na gwada. Amma ta yaya zan tsani hannun da ya gyara mini wuyan riga? In na fara tara laifinki a raina, sai muryarki ta shigo ta watsa shi.

To ga zafi ya zo, ga abin da kika rubuto. Irin kowa ya yi ja kamar tsatsa, ya ƙanƙance, yana nutsewa, alhali sun bi littafinki layi bayan layi. Mun riga mun ji labari. Ranar da muka ji, Baba ya yi dariya, karon farko a shekara, har ya ƙware. Inna ta same ni ina gyaran raga ta ce, "Ka yi shiru kawai, ɗan nan. Ba a ce ka yi ƙarya ba." Ta yi gaskiya. In na yi shiru wata biyu, kwanduna za su dawo, Baba zai juyo da fuskarsa, in koma ɗa a gidan ubana. Ke kuma a tambaye ki a ofis yadda aka yi littafinki ya kashe irin jama'a. Ba zan ɓoye miki ba, na kwatanta hakan a raina kuma na ji daɗinsa.

Jiya Ajiao ta zo, tafiyar rabin yini a ƙafa, da ɗan irin kainuwar garin mijinta a ƙunshe cikin ganye, ja ƙwarai, yana wari. Ta ajiye a bakin ƙofa ba ta tambayi kowa komai ba, ta san doka. Da aka gama cin abincin rana ta tattara ƙayar kifi ta je bakin randa tana wankewa, kamar yadda ta saba tun tana 'yar shekara bakwai. Har yau ta ɗauka maganin gwiwar Baba ake yi da ita. Na tsaya ina kallon yayata, amsar tana hannunta, 'ya'yanta kuma za su ci shinkafa rabin ta bara. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Ke ma kin gani, masoyiyata, da idonki mai ganin abin da ke cikin ganye. Kin tuna ranar da kika miƙa wa kyanwa kan kifi Inna ta fizge? Kika yi dariya kika ce, "Gidan nan ko kyanwa ba ta ganin ƙaya, wannan rowa har ina?" Ba rowa ba ce. Duk ƙayar da aka ci tun farkon sanyi ana wanke ta, a shanya, a tara a tukunya. In zafi ya shigo a ƙone ta ta yi fari, a daka, a tankaɗe. Tafi ɗaya na tokar a kwaɓa da tafi uku na busasshen laka, a barbaɗa da safe raɓa ba ta bushe a kan ganye ba, duk bayan kwana biyar. Ganyen da ya yi ja zai koma kore kafin mako biyu. Ban faɗa miki ba a da saboda wannan ba a faɗar shi da baki. Uwar miji ce ke miƙa wa amarya sabuwar tukunya washegarin biki, sannan ta gane. Na ajiye miki shi ne, ban ɓoye miki ba.

Don haka ki gyara littafinki, kin yi wa halittunki ƙarya. Akwai abin da iska ba ta da shi, kuma in ba a ba su ba mutuwa suke yi a hankali, suna shawagi kamar lafiya lau. Ni ma wata goma sha ɗaya ke nan ina cin iska.

Ajiao na fara gaya wa, da safen nan, a hanyar raka ta. Ta tsaya ta daɗe tana kallon hannunta. Ke ce ta biyu. Ki buga shi, ki sa sunanki a bango, a karanta a lasifika. Na san Baba ba zai sake juyowa ba, kuma na san abin da na saya da abin da na sayar.

Yanzu ba ni da sauran abin da kike buƙata. Babu lungu, babu sirri, babu layi na takwas da za ki rubuto. In kwalekwale ya sauke ki a mashayarmu bayan yau, zan san wurin wa kika zo. In bai sauke ki ba, zan san wannan ma. Tukunyar da Inna ta sayo miki bara tana nan a kan kanta, ta ce za ta zuba gishiri a ciki, na hana.

Naki jiya, naki yau da kika ƙwace komai, naki har ranar da za a haƙa mini rami a gefen tafkin nan,

Dai Songnian