Abin da Baba Ya Ɗauka Gudun Duniya Ne

Kwarbai, Zariya

Zuwa ga Gwaggo Barira,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ya aikin asibiti? Na zaɓi takarda ne saboda wayar Inna ba ta riƙe sirri.

Tunda Yaya Sharfaddeen ya dawo daga bautar ƙasa yake rage abinci. Ya fara da barin manja, sai gishiri, yanzu har tuwo. Dafaffen zogale kaɗai yake ci, shi ma sai ya wanke sau uku. Baba yana yabonsa a zaure, wai yaron ya kama gudun duniya irin na kakanninmu malamai. Amma Gwaggo, ba azumi yake ba. Ranar da ya gano an sa mai a zogalensa, kuka ya yi. Juma'ar nan jiri ya kayar da shi a masallaci. Ina tsoro.

Taki mai biyayya,
Ibtisam

*

Ibtisam 'yar albarka,

Gudun duniya? Yaron da yake lashe min tukunya? Wannan ciwo ne, likitoci na kiransa otoreksiya: son cin mai lafiya ya yi yawa har ya koma tsoron abinci. Yana warkewa, in an haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa da masanin abinci. Kada ku tilasta masa, kada ku yi masa dariya. Amma muddin ubanku na yabo, ba zai yarda a duba shi ba. Ni in na faɗa wa ubanku, zai ce karatun bokona ne. Ke kika gani, ke za ki faɗa.

Gwaggonki

*

Gwaggo, barka da war haka.

Kwana uku ina kai wa Baba ruwan alwala ina dawowa da maganata. A na huɗu na durƙusa na faɗi duka, idona a tabarma. Da na gama, ya ce, "Ashe ciwon ɗana nake yi wa kirari." Da kansa ya kai shi asibitin Wusasa. Yanzu duk Talata suna zuwa tare, kuma an tsara masa ƙarin abinci kaɗan-kaɗan.

Ibtisam

*

Gwaggo!

Jiya a sunan ɗan Anti Hanan, Yaya ya zauna cikin abokansa ya ci waina biyu. Ta ukun tawa ce, ya ɗauke. Ban taɓa jin daɗin zalunci haka ba.

A gaida kowa,
Ibtisam